Dawowar garke cikin bazara: doguwar tafiyar makiyaya a kan iyakar kudu

Daga tsakiyar watan Afrilu zuwa ƙarshen watan Yuni, lokacin da zafi ke wuce digiri 43 a inuwa a Birnin Ƙonni da Maraɗi da Gaya, dubban mutane na bisa hanya da ƙafa, suna kore da garkunan shanu da tumaki daga ƙasashen Najeriya da Benin, sun nufo arewa. Waɗannan su ne makiyayan Nijar da suka ƙetare iyaka bayan kaka don neman ciyawa da ruwa. Tafiyar zuwa kudu suna yin ta ne cikin sanyin ɗari, gonaki a buɗe, kara da harawa ko'ina. Tafiyar dawowa kuwa takan faɗo daidai lokacin da rana ta fi ƙuna, rijiyoyi sun ja baya, tabkuna sun ƙafe, bisashe sun rame, manomi kuma ya fara gyaran gona. Garke mai lafiya yana iya jure nisan hanya da zafin rana. Abin da ba ya iya jurewa shi ne ya iso ya tarar da hanyar a toshe, ko dai gona ta cinye burtali, ko rijiya ta lalace, ko an rufe iyaka. Saboda haka maganar wannan tafiya magana ce da ta shafi magabata da sarakunan gargajiya da manoma baki ɗaya.

Dalilin tafiyar

Ruwan sama ne ke tsara tafiyar makiyayi. A Gaya ana samun wajen milimita 800 a shekara, a Maraɗi wajen 500, a Tawa ƙasa da 400, a Agadas kuwa bai kai 200 ba. Damana na fara sauka daga kudu tana hawa arewa sannu a hankali: ƙasar Kaduna na ganin ruwa tun Afrilu ko Mayu, Gaya cikin Mayu, Maraɗi da Damagaram cikin Yuni, yankin kiwo na arewa sai Yuli. Ciyawar arewa ta fi ta kudu ƙarfi da amfani ga jikin dabba, amma ba ta da yawa, kuma tabkunan da ke kusa da ita sukan ƙafe tun kafin ɗari ya ƙare. Ciyawar kudu ta fi yawa, sai dai da damana ƙasar na cika da shuka, ga kaska, ga ƙudan tsando mai kawo sammore a wasu dazuzzuka. Don haka makiyayi ke cin damana a arewa, wasu har Ingal wajen lasar gishiri cikin watan Satumba, ya ci rani a kudu.

Ma'aikatar kiwo tana da lissafin da take yi kowace shekara bayan damana. Ana ƙiyasta cewa dabba mai nauyin kilo 250 na bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata kowace rana. Watanni tara na rani, wato kwana 270, sun kama kusan kilo 1,700 ga dabba guda. In aka auna ciyawar da ta fito aka ga ba ta kai abin da bisashen ƙasa ke bukata ba, to giɓin nan ba shi da mafita sai uku: a sayar da dabba, a saya mata dusa da gurya, ko a kai ta inda ciyawa take. Ga talakan makiyayi ta uku ce ta fi sauƙi. Farin 1973 da na 1984 sun nuna haka a fili, gama waɗanda suka tashi da wuri suka gangara kudu sun fi tsira da dukiyarsu bisa ga waɗanda suka zauna jiran abin da bai zo ba.

Amfanin wannan tafiya bai tsaya ga mai garke ba. A da, shekaru da dama bisashe ne suka kasance na biyu bayan uraniyum cikin kayan da Nijar ke sayarwa waje, kuma mafi yawansu Najeriya suke shiga ta kasuwanni irin su Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari. Manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci ma, da yawansu suna da shanu ko tumaki a hannun makiyayi. Garken da ke bisa burtali sau da yawa dukiyar gidaje goma ce ko fiye.

Yadda ake yin ta

Mai kallo daga gefen titi yakan zaci garke na tafiya ne inda hanci ya nufa. A gaskiya kowane zango da lissafinsa. Kafin a tashi, garso ko wani dattijo masanin hanya yakan riga ya tafi ya dubo ciyawa da mashaya, ya ji labarin kasuwa da na tsaro, ya gaisa da masu gari. Bayan ya dawo ne ake yanke ranar tashi da hanyar da za a bi.

Cikin bazara garken shanu ba ya wuce kilomita 15 zuwa 20 a yini, in da maruƙa da tsofaffin shanu ma bai kai haka ba. Ana tashi tun kafin asuba, a yada zango in hantsi ya yi zafi, a fake ƙarƙashin gawo ko aduwa, sa'an nan a sake ɗaukar hanya bayan la'asar. Mata da yara na biye da jakuna ɗauke da tabarmi da ƙorai da jarkokin ruwa. Abincin hanya gero ne da ɗan nonon da ya rage, shi ma a wannan lokaci ba ya da yawa. Daga iyakar Ɗan Isa zuwa Maraɗi wajen kilomita 50 ne, daga Maraɗi zuwa Dakoro wajen 120. Tafiyar da mota ke yi cikin awoyi kaɗan, garke sai ya yi kwana goma ko fiye kafin ya gama ta, kuma wanda ya taso daga ƙasar Kaduna ya riga ya yi makonni bisa hanya kafin ya ga iyaka.

Ruwa ne ke yanke tsawon kowane zango. Saniya na shan wajen lita 30 a rana cikin zafi, garke mai kai 100 na bukatar lita 3,000 ke nan. In wasakin da ake ja da shi na ɗaukar lita 30, sai an jefa shi sau ɗari kafin garke guda ya ƙoshi, alhali a arewacin Dakoro akwai rijiyoyin da zurfinsu ya wuce mita 60, sai da sa ko raƙumi ake ja. In garke biyar suka haɗu bakin rijiya guda, na ƙarshe sai dare. Shi ya sa makiyaya da yawa ke shayar da shanu kwana ɗaya su tsallake ɗaya. Saniyar da ta saba na jure wannan, amma in aka ƙara mata kwana na uku ba ruwa, cikin zafi irin na Mayu, mai rauni cikin garke takan kwanta ba ta tashi ba. Rijiya guda da ta rufta ko famfo guda da ya mutu tsakiyar hanya ya isa ya mai da zangon kilomita 20 ya koma 40.

Zafin kansa ƙaruwa yake yi. Cikin watan Afrilu na 2024, da wani matsanancin zafi ya rufe ƙasashen Sahel, an auna digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali. A irin wannan yanayi awoyin da mutum da dabba ke iya tafiya cikin yini raguwa suke yi, bukatar ruwa kuma ta ƙaru.

Tsakanin shuka da fari

Babbar wahalar dawowa ita ce makiyayi na tsakanin abu biyu da ba su jira. Bayansa, ruwa ya sauka a kudu, manomi ya yi shuka, dole garke ya fita. Gabansa, arewa ba ta ga ko ɗigo ba, ba ciyawa ba tabki. In ya yi sauri ya isa ƙasar da ba abin ci. In ya yi jinkiri shuka ta rutsa da shi tsakiyar gonaki. Tilas ya bi bayan ruwan sama zango zango, yana jira a dazuzzuka da makiyayun da ke tsakani, kamar dajin Baban Rafi a gundumar Madarunfa, da kwarin Gulbin Kaba, har ciyawa ta tsiro a kwarin Tarka da Gadabeji. A shekarar 2010, bayan damanar 2009 da ba ta yi kyau ba, bisashe masu yawa sun mutu a wannan tsakani, wasu da yunwa, wasu kuma ruwan farko mai ƙarfi ya same su ba su da ƙarfin tsayuwa.

Wuraren jiran nan da hanyoyin da ke haɗa su su ne suka fi matsewa. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen miliyan 5 a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, kuma mafi yawansu na zaune cikin wannan ɗan siririn yanki na kudu da garke ke ratsawa. Saurar da ake bari ta huta a da yanzu ana nome ta kowace shekara. Kara da harawa da ake bar wa dabba a gona sun zama kayan sayarwa. Manomin da iyalinsa suka ƙaru yakan ci taki ɗaya cikin burtali bana, taki biyu baɗi, maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya yi haka, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma inda saniya biyu ba su jerawa. Shi ma manomin ba mugunta ke sa shi ba, gonar ce ba ta isa. Amma ranar da garke ya iso, ɓarna ta zama tilas, rigima kuma ta biyo baya.

Ƙasar nan ta san inda irin wannan rigima ke kaiwa. A ƙarshen watan Oktoba na 1991, ana cikin Babban Taron Ƙasa a Yamai, an kashe fiye da mutum 100 a Toda cikin ƙasar Gidan Runji, akasarinsu mata da yaran makiyaya. Wannan ya faru ne da kaka, lokacin gangarowa kudu, amma tushensa ɗaya ne da na rigingimun lokacin shuka: garke da gona sun haɗu a wurin da babu iyaka bayyananniya tsakaninsu, babu kuma wanda ya raba gardama tun tana ƙarama.

Abin da doka ta tanada

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Doka mai lamba 61-05 ta ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta keɓe abin da ke bayanta don kiwo. Dokar ranar 2 ga Maris 1993 ta aza harsashin kundin tsarin karkara, wanda ya haifar da kwamitocin kula da filaye tun daga gari har gunduma. Aikinsu ne su tantance burtali da makiyaya da mashaya, su sa masu alama, su rubuta su. A jihar Maraɗi an kafa turakun siminti a gefen burtuloli da dama ta wannan hanya. Doka mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa zirga-zirga haƙƙi ne na makiyayi wanda gwamnati ta amince da shi kuma take karewa. Ta kuma tsara tazarar mashaya a yankin kiwo: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin rijiyoyin siminti, 30 tsakanin manyan famfuna. Mai lura zai ga cewa alƙaluma biyu na farko sun yi daidai da tafiyar garke ta yini ɗaya.

Game da ƙetare iyaka kuwa, shugabannin ƙungiyar CEDEAO sun sa hannu kan wata shawara a Abuja cikin watan Oktoba na 1998. Ta halatta wa garke shiga ƙasashen ƙungiyar in yana da takardar shaida ta ƙasa da ƙasa, mai nuna yawan bisashe da rigakafin da aka yi masu da hanyar da za su bi da mashigar da za su ƙetare. Ta ce a sami aƙalla makiyayi ɗaya ga kai 50, kada garke ya ƙetare da ƙasa da mutum biyu, kowanensu ya kai shekara 18, kuma da rana kaɗai ake ƙetarewa. Sharaɗin ƙarshen nan yana da ma'ana wajen tsaro, amma cikin bazara yana nufin duk awar da aka ɓata wa garke a mashiga, awa ce ta tsayuwa cikin rana ba ruwa.

Iyakar da ke buɗewa tana rufewa

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, kuma tarihinta kansa tarihin rijiyoyi ne. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta zana wani baka kewaye da Sakkwato wanda ya tilasta wa ayarin Faransawa bin ƙasar da ba ruwa in za su Damagaram daga bakin kogin Kwara. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara layin don su sami hanya mai mashaya, sa'an nan aka kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. Turawan mulkin mallaka sun gane cewa ba a ratsa wannan ƙasa sai an bi ruwa. Layin da suka ja ya raba makiyayar damana da ta rani, kowace ta faɗa wata ƙasa dabam.

Cikin shekarun baya-bayan nan wannan layi ya yi ta rufewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020, lokacin da aka buɗe Illela da Maigatari. Ƙasar Benin ta hana shigar garkunan waje cikin Disamba na 2019, sai bayan tattaunawa ta yarda da shanu 50,000 daga Nijar, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Mayu na 2020. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Najeriya har watan Maris na 2024, ya kuma tsai da zirga-zirga bisa gadar Gaya. A cikin Najeriya ma, jihar Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, gwamnonin jihohin kudu kuma suka ɗauki irin wannan matsayi a taronsu na Asaba cikin Mayu na 2021.

Ga kuma matsalar tsaro. Ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane sun mamaye dazuzzukan Zamfara da na Rugu a jihar Katsina, waɗanda a da su ne mashekarin makiyayan Maraɗi da Tawa. A 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina sun gudo ƙasar Gidan Runji. Makiyayi na cikin waɗanda aka fi sace wa dukiya, amma kuma shi ake fara zargi in ya iso baƙon gari. Don kauce wa daji mai haɗari sai ya yi zagaye, zagaye kuma ƙarin kwanaki ne cikin rana.

Rufe iyaka ba ya hana saniya jin yunwa. Abin da yakan faru shi ne garkuna su taru a gefe ɗaya, a ƙasar Gaya ko Madarunfa ko Magariya, su cinye ciyawar wata uku cikin wata guda, farashin dabba ya faɗi, na dusa ya hau. Wasu kuma su bi ta daji da dare ba takarda ba rigakafi, inda ba hukumar da ta san da su balle ta kare su in wani abu ya faru.

Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. A ranar ƙungiyar ta sanar da cewa za ta ci gaba da amincewa da takardun tafiya da zirga-zirgar mutanen ƙasashen uku har zuwa wani lokaci. Sai dai shawarar 1998 ta ƙungiyar ce, kuma ƙasashen ƙawancen Sahel duk damanarsu ɗaya, raninsu ɗaya. Ciyawar da garken Nijar ke nema cikin Maris da Afrilu tana kudu, a Najeriya da Benin. Wannan ya ƙara wa yarjejeniyar maƙwabci da maƙwabci nauyi. Akwai abin dogaro a nan: hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, da yarjejeniyar da jihar Maraɗi da jihar Katsina suka ƙulla a 2017 kan shige da ficen garkuna. Irin wannan zama tsakanin hukumomin da ke fuskantar juna a bakin iyaka, waɗanda harshensu ɗaya kuma sarakunansu dangin juna ne, ya fi saurin warware matsalar garke guda bisa ga takardar da za ta bi ta manyan birane.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk abin da zai sauƙaƙa tafiyar Mayu, tun Janairu ake yin sa. Kwamitin filaye na kowace gunduma ya kamata ya zaga burtulolinsa kafin ruwan farko, tare da mai gari da wakilin makiyaya, gama hana shuka cikin burtali ya fi sauƙi bisa ga tuge ta bayan ta tsiro. Rijiyoyi da famfunan da ke bisa hanya a duba su a gyara tun ɗari, a kuma tsai da kuɗin shayarwa a bayyane don kada a tsawwala wa baƙo ranar da ba shi da zaɓi. Rumbunan dusa da gurya a cika su kusa da wuraren jira, tun farashi bai tashi ba. Likitocin bisashe su kai rigakafi da takardar shaida kasuwannin da makiyaya ke ci, maimakon jiran makiyayi ya bar garke ya zo birni. Jandarmomi da ƴan duwan da ma'aikatan gandun daji da ke mashigai su sallami garke mai cikakkiyar takarda da sanyin safiya, ba tare da karɓar abin da doka ba ta ce ba.

Makiyaya ma da nasu nauyi. Su nemi takarda kafin tashi, su bi burtali ko da ya fi nisa, kada su bar garke hannun yara ƙanana kusa da shuka, in ɓarna ta auku su tsaya a kai magana gaban mai gari a biya abin da aka yanke. Manomi kuma ya tuna cewa takin da garke ya bari a gonarsa da rani yana cikin abin da ke cika rumbunsa da kaka, kuma wataƙila sansa na huɗa daga irin wannan garke ya fito.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da aiki na musamman cikin wannan al'amari. Su ne ke iya karanta wa jama'ar gari ranar da hukuma ta tsayar ta buɗe gonaki da ta rufe su, su karanta wa makiyayi abin da ke rubuce cikin takardarsa, su rubuta sulhun da aka yi gaban shaidu don kada a musanta shi baɗi. Garin da ke da mutum biyu ko uku masu yin wannan aiki ya rage wa kansa rigima, ya kuma rage wa garken da ke wucewa kwana ɗaya na tsayuwa cikin rana.